Za mu Maldibs a watan Yuli, me za mu tanada?

"Assalamu alaikum Malam. Ni da maigidana da ɗanmu ɗan shekara 4 muna shirin zuwa Maldibs hutun kwana 7 a watan Yuli. Ba mu taɓa zuwa ƙasar da take zaune a tsakiyar teku ba. Hotuna kam na gani har na gaji, amma ban ga wanda ya yi bayanin abin da mutum zai riƙe ba. Me za mu zuba a akwati? Wane irin kuɗi za mu riƙe a hannu? Kuma akwai abin da ya kamata mu sani kafin mu biya kuɗin masauki? Allah ya saka da alheri."

Wa alaikumus salam Hajiya, amin, tare da ku. Tambaya uku kika haɗa: kayan akwati, kuɗin hannu, da abin da za a sani kafin a biya masauki. Zan fara da ta ƙarshen, domin ita ke juya sauran biyun. Na daɗe ina shirya wa mutane tafiye-tafiye, na kuma je ƙasar nan da ƙafata ba sau ɗaya ba, kuma kusan duk wahalar da na ga baƙo ya sha a can, tushenta ɗaya ne: ya biya ɗaki bai tambayi yadda zai kai ga ɗakin ba.

Maldibs ba tsibiri ɗaya ba ce. Ƙananan tsibirai ne na murjani kusan 1,190, a rukuni 26, sun miƙe daga arewa zuwa kudu fiye da kilomita 800 a Tekun Indiya, kudu maso yamma da Indiya da Siri Lanka. Waɗanda mutane ke zaune a kai ba su wuce kusan 200 ba. Babban filin jirgin sama, Velana, yana kan nasa tsibirin mai suna Hulhule. Tun 2018 akwai gadar Sinamale da ta haɗa shi da babban birnin ƙasar, Male, kuma da mota za a iya wucewa Hulhumale. Daga nan titi ya ƙare. Duk inda za ki bayan wannan, sai ta ruwa ko ta sama. Shi ya sa nake gaya wa matafiya cewa ranar da jirgi ya sauke su a Velana, sun sauka ne kawai, ba su iso ba tukuna.

Zangon ƙarshe

Hanyoyin isa tsibiri huɗu ne. Akwai jirgin fito na gwamnati, mai araha ƙwarai, 'yan daloli kaɗan, amma ba ya sauri, ba kullum yake zuwa kowane tsibiri ba, kuma akasari ba ya aiki ranar Juma'a, domin hutun ƙarshen mako a can Juma'a da Asabar ne. Akwai ƙaramin jirgin ruwa mai gudu, wanda ko dai yana da lokutan tashi ko kuma masauki ya turo nasa. Akwai jirgin sama na cikin gida zuwa filaye irin su Dharavandhoo ko Gan, daga nan a ƙarasa ta ruwa. Sai kuma wanda ake yawan gani a hotuna, jirgin sama mai sauka kan ruwa, wanda direbobinsa kan tuƙa shi ba takalmi a ƙafa. Wannan na ƙarshen kuɗinsa kan kai ɗaruruwan daloli ga kowane mutum zuwa da dawowa, kuma sau da yawa ba ya cikin farashin ɗakin da kika gani a intanet. Mutum sai ya ga ɗaki mai sauƙi ya biya, daga baya saƙo ya zo masa cewa kuɗin kai shi can ya kusa kamo kuɗin kwanan.

Abin da ya fi kuɗin muhimmanci shi ne lokaci. Jirgin nan mai sauka kan ruwa da hasken rana kawai yake tashi. Ƙasar tana kan layin da ya raba duniya biyu, rana kan faɗi wajen ƙarfe 6 duk shekara, don haka da la'asar ta yi nisa an rufe ɗaukar fasinja. Na koyi wannan da tsada. A farkon aikina na tura wasu ma'aurata, jirginsu ya yi jinkiri a wurin canji, suka fito daga shige da fice rana ta yi sanyi. Aka ce musu sai gobe. Suka kwana a wani ƙaramin otal a Hulhumale da kuɗinsu, ga ɗakin da suka riga suka biya yana can ba kowa a ciki, ga matar tana ta kirana tana kuka. Laifina ne, ban bar musu rata ba. Ana cewa zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri, to a wannan gaɓar kam ko buhun kuɗi kika riƙo, rana ta faɗi ba za a tayar miki da jirgi ba. Ku nemi tikitin da zai sauke ku da safe. Akasarin masu zuwa suna canza jirgi ne a Dubai ko Doha ko Istanbul ko Kolombo, kuma akwai masu isa da hantsi. Ku kuma guji sauka ranar Juma'a in da jirgin fito kuka dogara.

Daga nan sai zaɓin irin masaukin. Yawon buɗe ido ya fara a ƙasar a 1972 da otal ɗin Kurumba, kuma tsawon shekaru tsarin shi ne tsibiri guda otal guda, baƙi a ware daga 'yan ƙasa. A 2009 aka ba da damar buɗe gidajen baƙi a tsibiran da jama'a ke zaune, shi ne wurare irin su Maafushi da Thoddoo da Dhigurah suka yi suna. Bambancin ba na kuɗi ba ne kawai. A tsibirin otal, duk abin da za ki ci ko ki sha daga hannun otal ɗin zai fito, ba shagon da za ki leƙa ki taya. A tsibirin jama'a akwai shaguna, da gidajen shayi, da masallaci, da makaranta, da ɗakin shan magani ko ƙaramin asibiti. In ni ne da yaro ɗan shekara 4 a watan Yuli, zan zaɓi wurin da bai wuce tafiyar awa ɗaya daga filin jirgi ba a jirgin ruwa, ko otal ne ko gidan baƙi. Tsibirai masu nisa sun fi shiru da kyau, ban musa ba, amma su bari sai yaron ya yi wayo.

Dalilina shi ne yanayi. Shekarar can kashi biyu ce: iskar arewa maso gabas da suke kira iruvai, daga wajen Disamba zuwa Afrilu, lokacin da sama take tarwai teku kuma a kwance, da iskar kudu maso yamma, hulhangu, daga Mayu zuwa Nuwamba, mai ruwa da hadari. Yuli yana tsakiyar ta biyun. Kada wannan ya karya miki gwiwa. Ruwan kan zo ya wuce, rana ta sake fitowa, ɗakuna sun fi araha, kuma lokacin ne manyan kifayen nan masu fukafukai, manta, ke taruwa a Hanifaru da ke rukunin Baa, wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin wuraren kariya a 2011. Sai dai teku kan tashi. Tafiyar minti 40 a ruwa mai kwanciya nishaɗi ce, a ruwa mai igiya kuwa jirgin yana dukan ruwa yana tashi yana faɗuwa, babba ma sai ya riƙe cikinsa. Wani lokaci a soke tashi gaba ɗaya.

Takardu da kuɗi

Ana ba mai yawon buɗe ido bizar kwana 30 kyauta a filin jirgi, muddin ya nuna fasfo mai aiki, da tikitin komawa, da shaidar masaukin da ya kama. Ni ina ba da shawarar fasfo ya kasance da sauran wata 6 aƙalla, saboda kamfanonin jirgi da ƙasashen da ake ratsawa. Akwai fom na intanet mai suna IMUGA da kowane matafiyi zai cike cikin awa 96 kafin isowa, har da yaro, kuma kyauta ne a shafin hukumar shige da ficen ƙasar. Na faɗi kyauta ne da gangan, domin akwai shafukan da ke karɓar kuɗi su cike wa mutum abin da zai yi da kansa a minti 10. Wanda ya taso daga ƙasar da ake samun cutar shawara dole ya riƙo katin rigakafinta. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, don haka ba abin da za a bari sai ana gobe tafiya ba ne. Ku buga duk takardun nan a takarda, kada ku dogara da waya kaɗai. Dokokin shiga ƙasa kuma suna canzawa, ku sake duba shafin hukumar mako guda kafin tashi, ko da kun karanta wannan amsar tawa.

Kuɗin ƙasar sunansa rufiya, canjin hukuma wajen 15.42 ne a dalar Amurka ɗaya. A otal-otal komai da dala ake lissafa shi, kati kuma yana aiki. A tsibiran jama'a ana karɓar dala a gidajen baƙi da wajen masu jiragen yawo, amma shayi, da ruwa, da kuɗin fito, sun fi daɗin biya da rufiya. Ki riƙo dala sababbi, ƙanana da manya. Takardar da ta yage ko ta tsufa ko aka yi rubutu a kanta, da murmushi za a miƙo miki abarki. Ku canza kaɗan zuwa rufiya a filin jirgi, kada ku canza da yawa, domin in kun fita ƙasar da ita ba inda za ta yi muku amfani. Kada kuma a dogara da injin cirar kuɗi a ƙaramin tsibiri: wanda kika samu yana iya ƙin katinki.

Ga wani abu da ke ba baƙi mamaki ranar biyan lissafi. In kika ga farashi da alamar tarawa biyu (++) a gefensa, ana nufin za a ƙara kashi 10 na hidima, sannan a ɗora harajin yawon buɗe ido na kashi 17 a kan jimlar. Abincin da aka rubuta dala 100 zai tashi kusan dala 129. Banda wannan akwai harajin muhalli da ake biya kowane dare a kan kowane mutum, wanda tun farkon 2025 ya zama dala 12 a manyan otal, dala 6 a ƙananan gidajen baƙi. Saboda haka kafin ki biya, ki rubuta wa masaukin ki ce su ba ki jimla ɗaya: ɗaki, abinci, haraji, da kuɗin ɗauko ku da mayar da ku. In tsibirin otal ne, ku ɗauki tsarin da ya haɗa da abinci aƙalla sau biyu a rana. Kusan duk abin da ake ci a can, banda kifi da kwakwa, daga waje ake shigo da shi, sannan a sake ɗora shi a jirgin ruwa. Tsadar daga nan take.

Akwati

Yanzu mun zo tambayarki ta farko, kuma kin ga dalilin da na jinkirta ta. In jirgi mai sauka kan ruwa za ku hau, ƙa'idar da aka saba ita ce kilo 20 a akwati da kilo 5 a jakar hannu, ko da babban jirgin da ya kawo ku ya ba ku kilo 30 ko fiye. Abin da ya haura sai an biya, wani lokaci ma ya biyo ku a jirgi na gaba. Na taɓa tsayawa a bayan wata baiwar Allah a wurin awon kaya, ta buɗe akwati a ƙasa tana fitar da takalma masu tsini ƙafa uku da na'urar busar da gashi, mijinta na tsaye riƙe da su kamar mai talla. A tsibirin da za su, hanyoyin duk yashi ne, har ɗakin cin abinci.

Zafin wurin yana tsakanin digiri 25 da 31 kusan duk shekara, da laima mai yawa, don haka tufafi marasa nauyi na auduga, masu saurin bushewa, su ne abin ɗauka. Kaya masu kauri in sun jiƙe sai su kwana biyu ba su bushe ba. Silifas, da takalmin roba mai rufe ƙafa na shiga ruwa, da malafa, da tabarau, da 'yar rigar ruwan sama mara nauyi. Ki samo rigar iyo mai dogon hannu da dogon wando tun daga gida, domin a can za ki same ta da tsada ko ki rasa daidai ke. Ita ce ma ta fi kowane mai kare fata daga rana. Kada wani ya ce miki baƙar fata ba ta ƙuna. Ni na yi awa biyu a kife a kan ruwa ina kallon kifi, bayan kwana uku fatar wuyana da kafaɗuna ta riƙa saɓulewa. Ku riƙo man kariya daga rana, kuma ku duba wanda ba shi da sinadarin oxybenzone, saboda yana cutar da murjani.

Jaka mai hana ruwa shiga, ƙarama, ita ce abin da nake ganin ya fi kowane cancantar wuri a akwati. A ciki za ki sa fasfo da waya da kuɗi duk lokacin da kuka hau jirgin ruwa, domin feshin ruwan gishiri ba ya sallama kafin ya shigo. Soket ɗin lantarkin ƙasar akasari irin na Ingila ne, mai baki uku, ƙarfin wuta volt 230. Layin waya kuwa akwai kamfani biyu, Dhiraagu da Ooredoo, duka suna da shago a filin jirgi, ku saya a nan kafin ku hau ruwa. Ku riƙo gorar ruwa da za a riƙa cikawa. Ruwan sha a tsibiran daga teku ake tace shi ko a tara na sama, masaukai da yawa suna bayarwa a kwalba, kuma ƙasar tana fama da inda za ta zubar da robobi.

Abin da ba za a shigo da shi ba: giya, naman alade, gumakan bauta, da miyagun ƙwayoyi, waɗanda hukuncinsu ke da tsanani. Tun ƙarshen 2024 an haramta sigarin lantarki ma. Ana duba kaya da na'ura a filin jirgi.

Lafiya, da yaro a bakin ruwa

Ni ba likita ba ne, abin da zan faɗa na mai shirya tafiya ne, ku ga likitanku kafin ku tashi, musamman saboda yaron. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da zazzaɓin cizon sauro a 2015, amma akwai zazzaɓin dengi, wanda sauron rana ke yaɗawa, kuma damina lokacinsa ce. Man korar sauro wanda ya dace da yara dole ne. Duk maganin da wani a cikinku ke sha kullum, ku riƙo isasshe har da rarar kwana uku ko huɗu, a cikin kwalinsa, da takardar likita, a jakar hannu. Ku ƙara da maganin zazzaɓi na yara, da gishirin gudawa, da maganin jiri na tafiyar ruwa wanda ake sha kafin a hau jirgi, da maganin wanke ciwo da filasta. Yankan murjani ƙarami ne a ido amma yana saurin ruruwa in ba a wanke shi sosai da ruwa mai tsabta ba.

Manyan asibitoci suna Male da Hulhumale, irin su IGMH da ADK da Tree Top. In rashin lafiya mai tsanani ta taso a tsibiri mai nisa da dare, kai mutum can sai an yi hayar jirgi. Don haka inshorar tafiya da ta haɗa da ɗaukar mara lafiya ba almubazzaranci ba ce, ki karanta takardar ki tabbatar wannan layin yana ciki.

Ruwan da kike gani a hoto, shuɗi garau har ana hango yashi, na cikin zoben murjani ne, kuma a nan ya kamata yaro ya tsaya. Da an wuce bakin murjanin ƙasa ta zurma, a mashigai tsakanin tsibirai kuma ruwa yana ja da ƙarfin da gwanin iyo ma ba ya ja da shi. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ku zo wa yaron da rigar hana nutsewa daidai jikinsa, domin waɗanda ke cikin jirage galibi na manya ne. Ku tambayi ma'aikatan masauki kowace safiya inda ruwa ke ja a ranar. In maigida zai gwada nutso da tukunyar iska a baya, kada ya yi a ranar ƙarshe, ana son a bar aƙalla awa 18 zuwa 24 kafin hawa jirgin sama.

Zama da mutanen wurin

Ƙasar Musulmi ce tun 1153, 'yan mazhabar Shafi'iyya ne, kuma Ibn Battuta ya yi alƙalanci a can a ƙarni na 14. In kun sami rabin yini a Male, ku je tsohon masallacin Juma'a, Hukuru Miskiy, wanda aka gina da dutsen murjani da aka sassaƙa a 1658. A tsibiran jama'a shaguna kan rufe na ɗan lokaci in an kira salla, abinci halal ne, kuma ana son baƙo ya rufe kafaɗa da gwiwa a cikin gari. Akwai gefen gaɓa da aka keɓe wa baƙi masu ƙananan kayan wanka, sai ki san inda yake in kina son kauce masa. A tsibiran otal kuwa ana sayar da giya, wasu ma har da naman alade bisa lasisi, don haka ki tambaya a wurin cin abinci. Alƙibla tana arewa maso yamma. Ku kuma tambayi agogon otal, domin wasu suna tura nasu gaba da awa ɗaya a kan na Male, abin da ya sha rikita mutane a lokacin salla da lokacin tashin jirgi. Da safe ku nemi mas huni, kifin tuna ne da aka marmasa da kwakwa da albasa da barkono, ana ci da wata gurasa mai laushi da suke kira roshi.

Yaronki zai ga ƙananan kwanson teku a yashi ya so cika aljihu. Ya yi wasa da su ya bar su a wurin, fita da murjani da ƙoƙon kunkuru da makamantansu laifi ne. Wani abin sha'awa, wuri, ɗan farin kwanson nan da aka daɗe ana ciniki da shi a matsayin kuɗi a Afirka ta Yamma, da yawansa daga waɗannan tsibiran aka riƙa kwaso shi, jirage suna ratsa teku da shi. In kika tsinci guda a gaɓa kika juya shi, za ki gane shi nan take.

Sai ranar komawa, wadda ita ma teku ke da ikonta. A watan Yuli ba na barin matafiyi ya taso daga tsibiri mai nisa a safiyar da babban jirginsa zai tashi. In wurinku ya wuce awa ɗaya a ruwa, ku kwana daren ƙarshe a Hulhumale, daga can minti kaɗan ne a mota zuwa filin jirgi. In kusa ne, ku hau jirgin ruwan da ke gaban wanda lissafi ya nuna muku, ku sa yaron a kujerun baya inda girgiza ta fi sauƙi, ku ba shi maganin jirinsa tun kuna ɗaure akwati.